Waƙar Keken Mama

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya kaɗe-kaɗe? Yara suna gaishe ka, babansu ma haka.

Na rubuto ne don na gaji da wayarka. In na kira ka ce kana aji, in na sake kira ka ce kana bita, ranar da ka ɗauka kuma ba na jin komai sai wani yana hura ƙaho a bayanka kamar ana zare masa rai. Takarda dai ba za ta ce min “zan kira ki anjima” ba. Direban da ke wucewa ta ƙofar kwalejinku ya yarda zai riƙa kai maka, ya karɓo min amsa.

Abin da na faɗa maka a waya rabi ne. Ba jiri ne ya kwashi Mama ba. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta kuma ya rufe. A shago na same ta, kwance tsakanin keken ɗinki da teburin yanka, rigar wata mata tana nan rabi a ƙarƙashin allura. An sallamo mu daga asibiti, tana gidana, na ba ta ɗakin yara. Tana ji, tana ganewa, tana bin mutum da ido, amma magana babu. Sai ta buɗe baki, ka ga kalma ta zo har haƙori ta koma, ita kuma ta fusata ta ture kofi da hannun hagu. Ka san Mama, matar da ko zare ne ya tsinke sai ta yi masa faɗa.

Akwai wata likita da ke koya wa irinsu magana. Ta ce wani lokaci wanda magana ta ƙwace masa, waƙa ba ta ƙwace masa ba, kuma ta nan ake lallaɓo harshen. Ta tambaye ni ko akwai waƙar da Mama ta sani kamar sunanta. Na ce akwai mana, wadda take yi a kan keke tun kafin mu san hannun damanmu, “Keke na gudu, bai bar ɗaki ba.” Na gwada yi mata. Ka san muryata ta kiran yara ce. Ban gama layin farko ba ta kalle ni irin kallon da take wa karkataccen ɗinki, ta rufe ido. Likita ta ce da za ta ji muryar kanta, da ya fi.

Nan na tuna hutun da ya wuce, da ka zaunar da Mama yini guda da 'yar rikoda, ka hana yarana ko tari, wai malaminku na tarihin kiɗa ya ce kowa ya ɗauko waƙar gidansu. To ka aiko min da ita. Ban taɓa roƙonka komai a wannan karatu naka ba. Ranar da Kawu ya ce wai har kiɗa ma sai an je an yi masa jarrabawa, Mama ce ta tsaya maka, ta ce a bar mata ɗa. Yau ga ranar karatun ta zo.

Allah ya ba da sa'a, ya sa mu ji alheri.

Yayarka


Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da gaisuwa mai tarin yawa, ina kuma yi miki sannu da jinya. Ki gaida yara da babansu. Ki riƙe hannun Mama ki ce mata Auta yana gaishe ta, kuma yana mata addu'a.

Wasiƙarki ta same ni ina fitowa daga ɗakin fiyano. Na karanta ta a tsaye, na koma na zauna a kan matakala, ban shiga ajin da ke gaba ba. Don Allah me ya sa kika ce min jiri ne? Da na san haka abin yake da ban bari kin kira sau biyu ba.

Ina so in taho, Allah ya sani. Amma wannan ne zangon ƙarshe. Muna da jarrabawar ƙa'idojin kiɗa, da ta tarihi, sannan babbar, wadda kowane ɗalibi zai tsaya gaban malamai ya gabatar da aikinsa da makaɗa da mawaƙa. Wanda bai tsaya a ranarsa ba, shekarar ta tashi a banza. Na san Mama ba za ta so haka ba. Ana sauke ni daga dandamali zan hau mota.

Akwai abin da na ɓoye don in ba ku mamaki, amma yanzu gara in faɗa. Waƙar Mama ita ce aikina na kammalawa. Na zauna na rubuta ta a rubutun kiɗa, sauti bayan sauti, abin da ba a taɓa yi mata ba. Na raba ta ga muryoyi huɗu, mata biyu maza biyu, na yi mata rakiyar fiyano. Malaminmu, wanda ɗalibai ke kira Ba-Yabo saboda ba a taɓa jin ya ce wa aikin wani ya yi kyau ba, ya saurara har ƙarshe ya cire tabarau ya ce, “Wa ya yi wannan waƙa?” Na ce mahaifiyata ce, tela ce. Ya ce a ajiye kwafi a ɗakin karatu na kwaleji da sunanta a kai. Yaya, sunan Mama zai zauna a kantar littattafai ɗaya da na manyan mawaƙan duniya.

Na saka miki katin memori na waya a cikin ambulan. Bitar da muka yi shekaranjiya ce da ƙungiyar mawaƙa gaba ɗaya. Ki sa mata, ki ƙara sauti kaɗan. Na tabbata za ta gane abinta, kuma za ta ji daɗi.

Ita wadda na ɗauka a shago, sai na duba kwamfuta tukuna.

Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri.

Ƙaninki mai biyayya,
Auta


Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya, sai godiya. Kati ya iso.

Na yi yadda ka ce. Na yi mata wanka, na jingina ta da filo, na tara yara, har maƙwabciyata ta shigo da jaririnta don a ji aikin ɗan kwaleji. Na ce, “Mama, ga saƙon Autanki.” Ka ga yadda fuskarta ta saki? Rabin bakin da ke motsi har ya yi murmushi.

Fiyano ya fara, tana kallon silin. Da muryoyin suka shigo sai idonta ya sauko, ta damƙe zanen gado da hannun hagu. Ta gane, wannan kam ka yi gaskiya. Da aka kai ƙarshen layi na biyu ta ja numfashi ta buɗe baki, mutanenka kuma suka bi ta kanta suka wuce kamar motar da ba ta ga fasinja ba. A baiti na gaba ta sake buɗe baki a daidai wurin, suka sake wucewa. A na uku ta sa hannu ta share wayar daga kan gado. Gilashin ya tsage, ita kuma ta juya fuska bango. Ranar ko ruwa da ƙyar na samu ta sha.

Ban ce waƙarku ba daɗi ba. Tana da daɗi, irin wadda ake sakawa a wurin jiran likita don kada mutane su yi faɗa. Maƙwabciyata ta ce kamar a rediyo. Abin da kuka yi wa waƙar kuma ba zan ce komai a kai ba, wannan tsakaninka da Ba-Yabo ne. Amma ni Mama na ce ka aiko min, ka aiko min da tarin baƙi masu murya kamar an goge ta da sitaci.

Kuma zancen suna a ɗakin karatu, ka bari sai ta iya faɗin sunan da bakinta.

Ka yi ƙorafin na ce maka jiri ne, to ga gaskiya. Na ajiye aiki. Ni ke juya ta, ni ke ɗaga ta, ni ke share mata baki. Bayana ya riƙe, babansu yara ya koma kwana a falo. Ban faɗa don ka ji tausayina ba, uwata ce. Na faɗa ne don ka san abin da ake nema a wurinka bai kai nauyin bokiti ɗaya ba. Duba kwamfuta wata nawa yake ɗauka? Wadda ka ɗauka a shago nake so, da ƙarar keken, da tarinta, da inda take cewa ka matsar da wannan abu daga bakinta. Likita tana tambayata kullum ta zo, har na fara jin kunya.

A gaida malamai.

Yayarka


Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da mai jiki. Na yi baƙin cikin abin da ya faru, ki yi haƙuri da batun wayar.

Na jinkirta amsa ne don ina neman hanyar da zan faɗa miki, ban samu mai daɗi ba. Zan bayyana miki dalla-dalla, don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke min hukunci.

Sautin da na ɗauko a shago ba a iya miƙa shi haka. Ƙarar keke ta danne rabin kalmomin, ga babura a titi, ga wata mata da ta shigo neman rigarta. An koya mana yadda ake tsabtace irin wannan, kuma ana ba da maki a kai. Da farko na cire ƙarar keken gaba ɗaya. Sannan wuraren da muryar Mama ta ɗan sauka ƙasa da inda sautin ya kamata ya tsaya, na ɗaga su. Sai kuma shirun. Bayan kowane layi na biyu takan yi shiru mai tsawo, wanda ba ya shiga lissafin bugun waƙar ko ta wace hanya na ƙirga. Na ɗauka tana cizon zare ne ko tana hutawa, kin san shekaru. Na yanke su na haɗe bakin, waƙar ta zauna daidai.

Kuskuren da na yi shi ne, na adana gyararren a kan na asalin. Ban lura ba sai da wasiƙarki ta farko ta zo. Rikodar ta sashenmu ce, kuma duk wanda ya mayar, ana share katin a ba na bayansa. Na je wurin mai kula da na'urori, mun kwana biyu muna tonon kwamfutar, babu. Wannan da na saka a ambulan shi ne abin da ya rage.

Amma Yaya, muryarta ce. Babu sauti ɗaya a ciki da ba daga bakinta ya fito ba. Abin da na cire hayaniya ce da shiru, ba waƙa ba. In aka duba ta wani ɓangaren ma, yanzu ne aka fi jin ta, kowace kalma tana fita tas. Ki gwada sa mata, wataƙila a dace.

Ina neman afuwarki. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta


Auta,

Salamu alaikum.

Na saurara ni kaɗai a kicin, na rufe ƙofa. Ban sa mata ba, kuma ba zan sa ba. Wata yarinya na ji tana waƙa a ɗakin da ba kowa, ba ta numfashi, ba ta gajiya, ba ta taɓa ɗinka ko maɓalli ba. Ka wanke Mama har ta koɗe.

Hayaniya da shiru, ko? Zauna in ba ka darasin tarihin kiɗa, tunda Ba-Yabo bai ba ka ba.

Shagon nan da ka sani, da na mutum biyu ne. Mama tana gaba a kan keke, Baba yana baya a teburin guga, inda yanzu take tara ragowar yadi. Ita ta ɗinka, shi ya goge. Waƙar nan tare suka ƙirƙire ta, ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta yi layi biyu, shi ya amsa mata daga baya da wata murya tasa kamar ana jan buhu a kan siminti, yana buga dutsen guga a kan teburi. Ni ina ƙarƙashin teburin yanka ina tsintar ƙyalle. Kana goye ya rasu.

Bayan an share makoki ta koma shago, ta hau keke, ta ci gaba da waƙarta. In ta zo wurinsa sai ta yi shiru, ƙafarta na taka keke, har ya gama abin da zai faɗa, sannan ta karɓa. Ba ta taɓa cike wurin ba, ba ta taɓa rage shi ba. Haka ta yi har ka yi wayo, har ka yi gemu, har ka zo da rikodarka. Shi ne ka ce cizon zare. Kai da ka tashi a gindin keke, ka taɓa ganin mai cizon zare ƙafarta na taka feda? So kake allura ta ɗinke mata leɓe?

Abin da ya sa ta buɗe baki ranar nan ke nan. Ban san ko jiransa take ba, ko so take ta faɗi nasa tunda nata ya ƙi fita. Ko ma wanne ne, mawaƙanka ba su ba ta wuri ba.

Shekara huɗu ana koya maka saurare. Kunne ne sana'arka. Matar nan ta ajiye wa mijinta wuri a cikin waƙa tsawon rayuwarka, kai kuma ka zo da almakashi ka ce bai shiga lissafi ba. Ina jin haushinka, Auta, haushin da ban taɓa ji ba, har ba na son ganin rigarka da ke rataye a bayan ƙofa. Da ka zo ka sace keken ka sayar, da na fi saurin yafe maka.

Likita ta daina tambaya. Jikin Mama kuma ba ya gaba.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Na san za ka ci, aikin ya fita tas.

Yayarka


Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Mama.

Na karanta. Na koma ɗakin na'urori na tuna yadda na yi aikin. Keken na fara cirewa. Da na bar shi, da na ji yana tafiya a cikin shirun, da na san ba tsayawa ta yi ba. Na kashe shi da hannuna, sannan na saurara na ce babu komai a wurin. Wannan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni ma ki ji tawa. Wa ya taɓa gaya min? A gidan nan Baba hoto ne a saman kabad da “Allah ya ji ƙansa.” In na tambayi Mama sai ta ce in miƙo mata almakashi. In na tambaye ki sai ki ce in je in wanke kwanuka. Na san ranar haihuwar mawaƙan da suka mutu a wasu ƙasashe tun kafin a haifi kakanninmu, na san matansu, na san ciwon da ya kashe su, an yi min jarrabawa a kai na ci. Ban san ubana yana waƙa ba sai a wasiƙar zagi.

Ranar da na ɗauki muryar, na tambaye ta. Na ce, “Mama, me ya sa kike tsayawa a nan?” Ta ce, “Haka take.” Kina tsaye a bakin ƙofa da jakar cefane, kina min dariya wai na zama ɗan jarida. Kin ji tambayar, kin san amsar. Kalma ɗaya ta ishe ni. Ke kin same shi, kin zauna a ƙarƙashin teburinsa, kin ji muryarsa, kika riƙe abinki ke kaɗai kamar za a rage miki. Ni abin da na gada daga gare shi shirun nan ne kawai, kuma ba wanda ya ce min nawa ne sai da na zubar.

Na je na sami Ba-Yabo na ce zan canza aikin. Ya ce an riga an miƙa wa malamai rubutun, wanda ya kauce wa abin da ya miƙa a kan dandamali, shi ya sani. Na ce na ji. Ina so in mayar da wurin Baba. In kin tuna abin da yake cewa, ki rubuto min, ko da kalma biyu ce, in ba wa maza masu babbar murya. In kin tuna karin, ki rera a waya, ba zan ce komai a kan muryarki ba. In duk babu, ki gaya min tsawon shirun kawai. Zan tsayar da mawaƙa da fiyano su yi tsit a gaban malamai daidai wannan tsawon, ko da zai jawo min faɗuwa. Na yanke shi ban auna ba, yanzu ko kusa ba na iya tunawa.

Jarrabawar saura kwana kaɗan. Don girman Allah ki ba direba amsa.

Ƙaninki,
Auta


Auta,

Salamu alaikum. Saƙonka ya iso.

Abin da ka faɗa a kaina gaskiya ne, ban da abu ɗaya. Ba riƙewa na yi ba. Ban tuna abin da yake cewa ba. Ƙarama ce ni, abin da ya rage min bugun dutsen guga ne da dariyar Mama in ya gama. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san kalmomin, tana ɗakin yarana.

Na sa an ɗauko keken daga shago an ajiye a gefen gadonta. Na zuba masa mai, na hau, ba yadi ba zare, na taka, na yi waƙar da wannan murya tawa. Da na zo wurin na yi shiru na bar ƙafata tana tafiya. Ta sa hannun hagu tana buga ƙarfen gado, leɓenta na motsi, wani sauti mai kauri yana fita daga maƙogwaronta, ba irin nata ba. Da ta gama ta ɗaga min gira, na karɓa. Kullum da la'asar haka muke yi yanzu.

Ka ce in gaya maka tsawonsa. Ban ƙirga ba, kuma ba zan ƙirga ba, ni ba a koya min ba. Yana nan a ɗakin, mai kunne ya zo ya auna.

Jiya likita ta gwada ƙirjinta, ta kira ni waje, ta ce in akwai na nesa a kira shi, kada a jira hutu. Direba zai juyo gobe da safe, na ce ya bar maka kujera. In jarrabawar ta fi, ka cike wurin da fiyano, ba wanda zai gane.

Ka huta lafiya.

Yayarka